Sabuwar tsirkiya a tsohuwar jita

Jitar da nake kaɗawa ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. Daga Duwala ya zo da ita tun yana saurayi, da gaɓoɓin yatsunsa suka fara damunsa sai ya miƙo mini ita da jakarta, ya ce in riƙe. Kamar yawancin jitocin da ke Garwa, garinmu a arewacin Kamaru, tsirkiyoyinta haɗe-haɗe ne: in ɗaya ta tsinke a nemo guda a kasuwa a cike gurbin, a ci gaba da kiɗa. Da tafiya ta yi tafiya sai ya zama babu biyu cikin shidan da suka fito daga fakiti ɗaya, kuma babu mai iya cewa ga shekarun ta shida, mai kaurin nan ta can sama.

Ba tsinkewa ce ta sa na ƙudura sauya su gaba ɗaya ba. Muryar jitar ce ta dushe. Huɗun nan masu kauri da aka naɗe da tagulla sun yi baƙi daga kai har gida na 5, inda yatsu suka fi zama (gida shi ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wuyan jita, daga kai ake ƙirgawa), in ka sa farce ta ƙarƙashinsu ka ja sai dauɗa ta cika maka farcen. Siraran biyu sun yi kaushi da tsatsa, in ka ɗan juya su kuma za ka ga sun lotsa daidai inda suke gogar ƙarafan wuya. Abin da ya fi damuna shi ne gida na 12. Nan ne tsakiyar tsawon tsirkiya, don haka in ka danna shi dole ya maimaita maka muryar da tsirkiyar ta bayar a sake, sai dai a sama. Tawa ba ta yin haka. Sai in daidaita ta da manhajar da ke wayata, allura ta tsaya cak a tsakiya, ina danna gida na 12 sai in ji ta kauce. Tsirkiyar da tsatsa da dauɗa suka ci, nauyinta ba ya zama ɗaya daga wannan baki zuwa wancan, shi ya sa ba ta karkarwa daidai, kuma duk murɗin da za ka yi ba zai gyara wannan ba.

Garinmu kuma ba ya raga wa ƙarfe. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, hannu ba ya rabuwa da gumi, gishirin gumin nan kuwa shi ne babban makashin tsirkiya. Damina ta zo da laimar Binuwai ta ƙarasa abin da gumi ya fara. Hunturu ya shigo da ƙurarsa mai laushi, ta shige tsakanin naɗin tagulla ta zauna. Duk wanda ya ce maka tsirkiya tana kai wata kaza, ka tambaye shi a wane gari yake kiɗa.

Kafin in kashe ko dala ɗaya, na ɗauki jitar na tafi wurin wani dattijo abokin kawu. Tare suka yi kiɗa a zamaninsu, yanzu yana gyaran rediyo da lasifika a wata rumfa bayan babbar kasuwa, in an kawo abin kiɗa kuma ba ya mayarwa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, tsirkiya nake so in saya, na ce bari in fara kawo muku ita ku duba." Bai ce mini komai ba tukuna. Ya karɓa, ya ɗaga ta saitin idonsa ya bi wuyan da kallo daga kai zuwa ciki, ya shafa fuskar katakon da ke bayan jaki, wato inda gindin tsirkiyoyi ke kamawa, da tafin hannunsa a hankali, ya leƙa rami. Sannan ya ce, "Ɗana, ka ga nan ya ɗan taso? Shekara da shekaru ana jan sa. Kar ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta."

Daga nan ya nuna mini wata jita da ke rataye a bango, jakinta ya ɗago daga jiki har kana hango busasshen gam a ƙarƙashinsa, fuskar kuma ta tsage. Jitar nailan ce wani ya ɗaura wa tsirkiyar ƙarfe don yana son ta yi ƙara. Wannan ita ce ɓarnar da ya ce an fi kawo masa, kuma dalilinta a fili yake. Tsirkiyoyin nailan shida in an ɗaga su daidai muryarsu, jan da suke yi wa jita wajen kilo 40 ne. Na ƙarfe masu matsakaicin kauri suna haura kilo 70. Jitar da aka ƙera don ƙarfe akwai sandar ƙarfe a cikin wuyanta, kuma an tokare fuskarta ta ciki da itace mai ƙwari. Ta nailan galibi ba ta da sandar, tokarinta kuma sirara ne. Gane su ba wuya: ta nailan wuyanta faɗi ne, kanta yana da dogayen tsagu biyu, tsirkiya kuma ɗaure ta ake yi a jikin jaki. Ta ƙarfe irin tawa tana da ƙananan turaku shida a jaki, kowace tsirkiya kuma da ɗan zoben ƙarfe a gindinta.

Shi nailan ɗin ma ba daɗaɗɗen abu ba ne. Har zuwa shekarun 1940 da hanjin tumaki ake yin siraran tsirkiyoyin jita irin ta Sifen. Yaƙin duniya na biyu ne ya sa suka yi wuyar samu, sai wani maƙerin jita a Amurka, Albert Augustine, ya haɗa kai da makaɗin nan Andres Segovia suka gwada nailan na kamfanin DuPont har ya karɓu. Mu ma a nan abin da ya faru ke nan da molo da garaya, don makaɗa da yawa yau igiyar kamun kifi suke ɗaurawa inda kakanninsu ke sa jijiya ko gashin doki.

Inda muka fi daɗewa shi ne maganar kauri, kuma a nan nake ganin an fi cutar masu koyo. Lambobin da ke jikin fakiti, irin su 10-47 ko 12-53, awon kauri ne. Ta farko kaurin mafi siranta, ta biyu kaurin mafi kauri, ana lissafawa da kashi ɗaya cikin 1000 na inci. Wato 12 tana nufin kusan milimita 0.3, 53 kuma milimita 1.35. A ido bambancin 10 da 13 ba komai ba ne, a yatsa kuwa duniya ne. Fakitin 10-47 yana jan jita da wajen kilo 60, 12-53 ya wuce 70, 13-56 kuma ya haura 80. Mai kauri ta fi ƙara, ta fi cika ɗaki, muryarta ta ƙasa ta fi nauyi, kuma ba ta saurin kaucewa in ka buga da ƙarfi. Siririya ta fi daɗin dannawa, tana lanƙwasuwa in kana son murya ta yi kuka irin na goge, amma in hannunka yana da nauyi za ta riƙa dukan ƙarafa tana zizza.

Na sha ganin yaro ya sayi jita da ɗokinsa, ya yi 'yan makonni yatsunsa na tsagewa, ya kasa danne haɗin muryar da ake kira Fa, ya ajiye ta bayan ƙofa yana cewa shi ba shi da baiwa. Ka ɗauki jitar ka duba sai ka tarar tsirkiya mai kauri ce, mai tsatsa, ta yi nesa da wuya har ɗan yatsa zai iya shigewa ƙarƙashinta. Wanda ya shekara 20 yana kiɗa ma ba zai ji daɗinta ba. Ciwon yatsa na farkon koyo gaskiya ne, kowa ya sha shi kafin kanta ta fito, amma rabin wahalar da yaran nan suke sha ba ta koyo ba ce, ta tsirkiya ce. Abin yana ci mini rai, domin kuɗin da zai raba yaro da wannan wahala bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin jitar ba.

Baba ya ce a tawa kar in wuce 11-52. Na ce, "Baba, ina tsoron kar ƙararta ta ragu, don wani lokaci a tsakar gida muke kiɗa ba lasifika." Ya ce, "Abin da za ka rasa kaɗan ne. Sabuwar 11 ta fi mushen 13 ƙara." Na yarda da shi, don tasowar da ya nuna mini a bayan jaki ni ma na ji ta da hannuna.

Saura irin ƙarfen da aka naɗe masu kaurin da shi. Wanda ake rubuta wa 80/20 haɗin jan ƙarfe ne kashi 80 da tutiya kashi 20, launinsa rawaya ne, muryarsa tana da kaifi da ƙyalli ranar farko, sai dai yana saurin dushewa a hannu mai gumi. Ɗayan, mai ɗan ja-ja, jan ƙarfe ne kashi 92 da kuza kusan kashi 8 da ɗan fosfaras kaɗan. Kamfanin D'Addario ne ya fito da shi a 1974. Muryarsa ta fi taushi, kuma ya fi jure tsatsa, shi na zaɓa saboda gumin Garwa. Akwai kuma waɗanda aka lulluɓe da siririn rufi na roba don kada dauɗa ta shiga naɗin, irin waɗanda Elixir ya fara fitarwa a 1997. Suna daɗewa ƙwarai, amma kuɗinsu ya ninka na sauran, wasu kuma ba sa son santsinsu a yatsa. Mai jitar lantarki shi lissafinsa daban ne. Tasa maganaɗisu ne ke ɗaukar muryarta, don haka naɗinta na nikel ne ko ƙarfe, tagulla ba ta yi masa amfani, kuma galibi 9-42 ko 10-46 ake sawa, uku naɗaɗɗu uku sirara.

Ba kuma dole ne mutum ya tsaya kan abin da fakiti ya tsara ba. Makaɗan Kwango sun daɗe suna cire ta huɗu, wato Re, su sa siririya a gurbinta su ɗaga ta zuwa Re na sama, abin da suke kira mi-kompoze, shi ke ba kiɗansu wannan walƙiyar a tsakiya. Masu kiɗan bikutsi na kudancin Kamaru kuma sukan cusa ɗan soso ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da jaki, murya ta gajarce ta koma irin ta balafon, abin kiɗan nan na jerin itatuwa da ake bugawa da sanda. Amma duk wannan sai bayan ka san abin da jitarka za ta iya ɗauka.

Sanin abin da kake so daban, samunsa a Garwa daban. Masu sayar da lasifika da kayan sauti sukan ajiye tsirkiya, yawanci ɗai-ɗai a ɗan ambulan na takarda, wasu ba lamba a jiki, ka tambayi kaurinta a ce maka "ta farko ce" kawai. A wani shago an miƙo mini cikakken fakiti mai ɗauke da sunan wani babban kamfani, a farashin da ya sa na tsaya na ƙara dubawa. Rubutun jikin kwalin ya ɗan dushe, ledar ciki ba a liƙe take ba, siririyar tana da ɗige-ɗigen tsatsa tun ba a taɓa ta ba, murɗin da ke riƙe da zoben gindi kuma sako-sako ne. Jabu ce. Na mayar masa na yi godiya, araha ba ta ado. Wasu kan aika Yola ko Kano, ni kuwa yayana da ke Yawunde na kira. Na karanta masa lambobin, na ce ya duba leda a liƙe take, ya saya fakiti biyu, ya ƙara mini siririyar Mi, wato ta farko, da Sol, ta uku, ɗai-ɗai. Su biyun ne suka fi tsinkewa, ita Sol ɗin don ƙarfen da ke cikin naɗinta shi ne mafi siranta a duk jitar. Saƙon ya biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundare inda layin dogo ya ƙare, daga nan motar ajans, wato kamfanin sufuri, ta ƙarasa da shi sauran kilomita kusan 280.

Yara da yawa ba su da yaya a Yawunde. Su kan warware wayar birkin keke su zaro sili ɗaya su ɗaura a gurbin ta farko ko ta biyu, kuma tana yin murya. Ban raina wannan ba ko kaɗan, makaɗa da yawa a wannan nahiya da ita suka fara. Sai dai tana tsatsa da wuri, tana cin ƙarafan wuya, kuma ba ka san kaurinta ba balle ka san jan da take yi.

Ranar aikin na shimfiɗa tabarma a rumfar Baba bayan la'asar, na kwantar da jitar a kan bargo, muka tallafe wuyan da naɗaɗɗen tawul. Kayan aikin ba yawa: filaya mai yanka, fensir, tsohon buroshin haƙori, ƙyalle mai laushi, da gwangwanin madara da ya ce in ajiye kusa. Ya ce shi ba zai taɓa ba, ni zan yi yana kallo.

Na fara sassauta su ɗaya bayan ɗaya har suka yi laƙwas. Ba a yanke tsirkiya tana ɗaure, don in ta fizge tana iya samun ido. A jita irin tawa mai jaki manne, cire su duka lokaci guda ba ya cutar da wuya, kuma shi ke ba ka damar wanke ta. Wadda jakinta ba manne yake ba, tsirkiya ce kawai ta danne shi, ko ta lantarki mai sandar girgiza murya, ita ɗai-ɗai ake sauya mata don kar saitinta ya watse. Kafin in cire ta ƙarshe Baba ya sa na yi ɗan alama da fensir a gefen farin ƙashin da ke kan jaki, ɓangaren masu kauri, saboda ba manne yake ba, in ya faɗo aka mayar da shi a juye tsayin tsirkiyoyi ya rikice.

Turaku huɗu sun fito salin-alin, biyu suka ƙi. Na kai hannu ga filaya, ya ce in dakata. Ya sa na tura tsirkiyar ciki kaɗan don zoben ya saki turken, sannan na zura hannu ta rami na lallubo gindin turken daga ciki, na tokare shi da sulen ɗari na turo sama. Ya fito ba tare da ko ƙwarzane a jikin jaki ba. Na jera su a kan ƙyalle bi da bi, kowanne ya koma raminsa, domin shekaru sun sa kowane turke ya saba da nasa.

Da wuyan ya zama tsirara sai na ga abin da ke ƙarƙashi. Dauɗa ta taru a gefen kowane ƙarfe ta daskare. Da gefen tsohon kati na kankare ta, na bi da buroshi, na goge da busasshen ƙyalle. Ruwa ba ya zuwa nan. Katakon ya bushe har ya yi fari-fari, sai Baba ya ɗiga farin mai irin na keken ɗinki, ɗigo biyu kacal a ƙyalle, na shafe wuyan duka, muka ɗan jira na goge saura. Ya ce kar in kuskura in sa man gyaɗa ko man ja, suna yin yami su yi danƙo. Na kuma bi mamurɗai shida na ɗaure ƙananan kusoshinsu da suka saki, wanda aiki ne da ba ya yiwuwa sai babu tsirkiya. A ƙarshe na goga bakin fensir a cikin kowace tsaga ta ƙashin sama, inda tsirkiya ke ratsawa zuwa kai. Baƙin fensir yana sa ta zame sumul. In kana murɗi ka ji "ƙas", murya ta yi tsalle, to tsagar ce ta kama ta.

Sa sabuwa daga jaki ake farawa, kuma nan ne Baba ya fi sa mini ido. Ya sa na ɗan tanƙwara gindin tsirkiyar dab da zoben. Na zura zoben cikin rami, na bi shi da turke, kwarmin turken yana fuskantar wuya, ina danna turken da babban yatsa ina jan tsirkiyar sama da ɗaya hannun, har na ji zoben ya zame gefe ya maƙale. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba turke ne ke riƙe tsirkiya ba. Akwai ɗan falankin katako mai tauri manne a ƙarƙashin jaki ta ciki, a jikinsa zoben ke kamawa, turke tare masa hanya kawai yake yi. In zoben ya zauna a kan tsinin turke, kana fara murɗi turken zai riƙa tasowa, wani lokaci ya yi tsalle ya bar jitar. Wanda bai gane ba sai ya ɗauko guduma, ya tsaga jaki. Tun da sauran ba su hau ba, na zura hannu ciki na taɓa kowane zobe, na tabbatar ya kwanta a jikin falankin.

A kai kuma, na zura bakin tsirkiya a hudar sandar mamurɗi, na ja ta miƙe, sannan na dawo da ita baya kamar santimita 5 don a sami abin naɗawa. Na tanƙwara bakin da ya fito, na riƙe tsirkiyar a miƙe da hannun dama ina murɗawa da hagu. Ƙa'idoji biyu ne a nan. Tsirkiya ta bi ta cikin sandar, wato ɓangaren tsakiyar kai, uku ta nan uku ta can. Naɗi kuma ya riƙa sauka ƙasa, kowane zagaye a ƙarƙashin na gabansa, kar wani ya hau wani. Masu kauri zagaye 2 zuwa 3 ya ishe su, sirara 4 zuwa 5 don suna da santsi. Naɗin da ya yi yawa ko ya cukurkuɗe shi ne ke sa jita ta riƙa sauka kullum ana zargin mamurɗi. Sai da kowace ta ɗauki nauyi sannan na yanke rarar, na jefa guntun cikin gwangwanin nan. Yanzu na gane amfaninsa: guntun siririyar Mi ba a ganinsa a kan tabarma, ga shi yara ba takalmi suke shiga rumfar.

Ɗaga murya a hankali na yi, ina zagaya shidan kaɗan-kaɗan don nauyin ya hau wuya daidai, fuskata a kauce. Daga mai kauri zuwa siririya: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Manhajar na saita ta a kan La 440, ma'aunin murya da aka saba amfani da shi. Amma Baba bai bar ni da waya kaɗai ba, don ya ce ya ga waɗanda suka wuce muryar ba su lura ba, suka ci gaba da murɗi suna neman ta a sama har tsirkiya ta tsinke tun ba a kaɗa ta ba. Ya sa na gwada da kunne: gida na 5 a kowace tsirkiya ya yi daidai da ta ƙasanta a sake, ban da Sol, wadda gida na 4 ne ke ba da Si. Kuma kullum daga ƙasa ake hawa zuwa murya. In ka wuce, sauko ƙasa da ita ka sake hawa.

Sabuwar tsirkiya ba ta zama nan take. Na sa yatsa ƙarƙashin kowace a wajen gida na 12 na ɗaga ta a hankali, na bi tsawonta ina ja, sai muryar ta faɗi, in sake ɗagawa, in sake ja, har ta daina faɗuwa. Ta ƙarfe a zama ɗaya take nutsuwa. Nailan kuwa kwanaki yake yi yana miƙewa, wani har mako, don haka mai jitar nailan kar ya sauya tsirkiya ana gobe biki. Ɗaurinta ma daban ne: a zura ta a hudar jaki, a zagayo da bakin ta ƙarƙashin kanta a murɗa, masu kauri sau ɗaya, sirara sau 2 ko 3, murɗin ƙarshe ya kwanta a bayan gefen jaki in ba haka ba ta zame.

Abu na ƙarshe da muka duba shi ne wuya. Na danne mai kauri a gida na 1 da na 14 lokaci guda, Baba ya duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe a wajen gida na 7. Abin da ake so ɗan sarari ne kamar kaurin kati. In ya yi yawa ana ɗaure sandar cikin wuya, in babu shi sam ana sassautawa, kuma ba a wuce rubu'in zagaye a lokaci guda. A tawa ya ce kar a taɓa, a bar katako ya kwana biyu ya saba da sabon nauyi. Da na koma masa wuyan ya ɗan miƙe da kansa saboda jan ya ragu, tsirkiyoyin sun matso kusa, babu zizza a ko'ina, gida na 12 kuma ya dawo daidai. Sandar ba mu taɓa ta ba.

Muryar ta ba ni mamaki. Akwai wani amo da ke biyo bayan kowane bugu yana daɗewa, wanda na ɗauka jitar ba ta da shi. Kawu da ya ji ya ce ta yi kaifi da yawa, in ba ta 'yan kwanaki, kuma haka aka yi, kaifin ya kwanta ya bar zaƙin. Ƙarar da nake tsoron rasawa ban rasa ba.

Baba ya ƙara mini da maganar hunturu, don shi katakon ya fi damunsa a kan tsirkiya. Jita ta fi son laimar iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100, a Garwa kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu takan faɗi ƙasa da 20. Katako ya tsuke, bakin ƙarafan wuya ya fito yana yankar hannu, fuska ta tsage. Maganinsa soso ne a jiƙa a matse sosai, a sa cikin robar sabulu da aka huda, a ajiye a jakar jita a rufe, in ya bushe a sake jiƙawa, damina na shigowa a cire. Ita kuma tsirkiya, a wanke hannu kafin kiɗa, in an gama a sa busasshen ƙyalle a bi kowace sama da ƙasa, musamman ƙasan da ido ba ya gani. Tsofaffin da na cire, biyu masu ɗan dama na naɗe na ajiye don ranar tsautsayi. Fakiti na biyu yana cikin ledarsa ban buɗe ba, sai zafin Afrilu ya wuce.

Ɗan maƙwabcinmu yana da jita da ya jingine tun bara. Na karɓo ta na kai wa Baba ya auna siririyarta, ta kai 13, ga ƙashin jaki ya yi tsayi. Baba zai rage ƙashin, ni kuma na riga na kira yaya na ce in zai yi aike na gaba ya haɗo da fakitin 10-47 guda ɗaya. Yaron ya ce shi ma yana so ya ɗaura da hannunsa, mun yi da shi ranar Lahadi bayan la'asar in Allah ya kai mu.